Shawarar da Na Ba Adda Dija

Shekara goma ke nan da rasuwar yayata, Adda Dija, telar mata a Jambutu. Har yau ban iya cewa shawarar da na ba ta daidai ce ko kuskure ba.

An gano tana da ciwon dajin mama a lokacin da masu gudun hijira suka cika Yola da Jimeta, kowane gida da baƙi, kowane gadon asibiti da mai rauni. Ni ne na yi jami'a a gidanmu, don haka ni aka tura in saurari likita. Ya ce cire ƙullutun ba shi ne damuwarsa ba, kaluluwar hammata ce, domin nan ciwon yake fara sauka idan zai yaɗu. Ko ya kwashe su duka, hannun dama ya yi ta kumburi wataƙila har abada, ko ya yi allurar shuɗin rini ta nuna masa ta farko, ya cire ita kaɗai a aika gwaji wani gari. In an ga ciwon a ciki, a sake aiki.

"Me ya ce, ɗan boko?" in ji Adda. "Faɗa min, ban da kwana-kwana."

Kwana-kwanan na yi. Na ce ga alama ta biyun ta fi sauƙi. Ban ce mata hanyar garin ba tabbas ba, ban ce samun gado karo na biyu sai an sha wuya ba. Hannun da take riƙe almakashi nake kallo.

Ta biyun aka yi. Sakamakon gwajin ya yi mako bakwai. Ciwon yana ciki, kuma kafin layin aiki na biyu ya zo kanta ya wuce hammata. Wani likita ya ce min mai yiwuwa ko an kwashe duka ba abin da zai canja. Mai yiwuwa. An ce rigakafi ya fi magani, amma ranar nan ban san wanne ne rigakafin ba.

Yanzu ina jin a wasu manyan asibitoci ana duba kaluluwar da wani inji tun mara lafiya tana kan gadon tiyata, likita ya yanke shawara nan take. Ban tabbatar ko abin ya iso nan ba. Da Adda ta ji, ina zaton ba injin za ta tambaya ba. Cewa za ta yi, "To, ita matar an gaya mata?"

Ba ta taɓa zargina ba. Abin da ta bar mana shi ne ƙin ɓoye-ɓoye, kuma 'yarta Fa'iza ta gaje shi. Makon jiya ta zo gidana a Damilu da takardar asibiti, ta ji wani abu a mamanta na hagu. Ranar Litinin za mu ga likita.

"Kawu, rakiya kawai nake so," ta ce. "Ni zan yi tambaya, ni za a ba amsa."

Na ce to. Zan zauna a bayanta in kama bakina, in Allah ya ba ni iko.