Sunan da Na Faɗa Saboda Katin Abinci

Ban yi karatun boko ba. Ina faɗa ne, 'yata ta fari tana rubutawa, kuma na ce kada ta gyara mini magana.

Da Malam, mijina, yana da rai, shi ke karanta duk takardar da ta shigo gidanmu na unguwar Rusholme a Manchester. Shi ya cike mini takardun katin abinci da hukuma ke bai wa tsofaffi marasa ƙarfi. Ranar Talata mukan sauka titin Wilmslow Road tare, yana jan jakar kasuwa mai taya, ina zaɓen albasa. Har yau in na ji ƙarar tayar irin jakar nan ta taga, sai na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Da ya rasu na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma ba na fita. 'Yata tana aikin jinya a babban asibiti a Birmingham, gidanta a Handsworth. Sai na miƙa mata katin. Takan yi mini cefane a can, ranar Asabar ta hau jirgin ƙasa ta kawo: shinkafa, mai, kubewa, madara. Ba wanda ya yi tunanin akwai laifi a ciki.

Ashe gwamnati ta ware kuɗi don kama masu cin amanar irin wannan katin, an ɗauki ma'aikata, an sa kwamfuta tana lura. Kwamfuta ta ga mai kati tana Manchester, kati yana cefane a Birmingham, sai aka rufe shi. Takarda ta zo, na ajiye ta ƙarƙashin dardumar Malam har Asabar. Da 'yata ta karanta sai ta zauna a ƙasa.

"Inna, in aka rubuta na ci amanarki, aikina ya tafi."

Na ce, "Tashi ki ɗora ruwan shayi. Wanda ke da tambaya ya zo ya same ni."

Wata Baturiya ce ta zo daga hukumar, ta cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an ce mata ba. Ta roƙi 'yata ta jira a kicin, ta kira wani tafinta ta waya, Bahaushe mai muryar Sakkwatawa. Ta ce sun sha ganin 'ya'ya da maƙwabta na ƙwace katin tsofaffi suna barinsu da yunwa. Ban ji haushinta ba. Na san wata tsohuwa da aka yi wa haka.

Na yi mata bayanin takaba, ta rubuta. Na buɗe mata kabad ta ga buhun shinkafa da gwangwanaye. Sannan ta tambayi sunan wadda na bai wa katin.

Na ce, "Yarinyar nan da ke kicin."

Ta ce suna take so. Na yi shiru. Tun ranar da aka raɗa wa 'yata suna ban taɓa kama shi da bakina ba. Mu da muka tashi a gidan kunya ba ma kiran sunan 'yar fari. Baturiyar ta ajiye biro, ta dubi ƙofar kicin, ta rage murya ta tambaya ko tsoro nake ji. Nan na gane yadda ta ɗauki shirun nan nawa.

Tafintan ya yi mata bayani da Turanci, sannan ya dawo kaina. "Hajiya, na gaya mata al'ada ce. Ta ce ta yarda, amma doka ba ta karɓa daga bakina, sai naki. Ki daure. Ni zan toshe kunnena."

Na ce, "Kai da don kunnen naka aka ɗauke ka aiki?"

Ya yi dariya, ni ban yi ba. Na tuna Malam, wanda shi ne mai kiran sunan a gidan nan, yana jan ƙarshensa in ta yi laifi. Tun da ya tafi ba a sake jin sunan a ɗakin ba. Na gyara mayafina, na faɗe shi da ƙarfi, har da sunan ubanta, na ce ni na ba ta katin da hannuna kuma gobe ma zan ba ta.

Cokali ya faɗi a kicin.

Bayan mako biyu aka buɗe katin, aka sa 'yata a takarda a matsayin mai yi mini cefane. Ba abin da ya taɓa aikinta. Ranar da Baturiyar ta tafi, 'yata ta fito idonta jajir, ta ce, "Inna, ashe kin san sunana. Ƙara faɗa in ji."

Na ce shayin ya huce, ta je ta ɗumama. Yanzu ma ta ɗago kai tana tambaya ko ta rubuta sunan a nan. Na ce a'a.