Gaisuwar Kawu Yohanna ta Rediyo

Ranar Lahadin farko bayan girbin citta, shekarar da nake aji biyar a firamare, muka dawo daga sujada na tarar da Yaya Bitrus tsugune gaban murhu ya tura ƙusa cikin garwashi. Da ita yake narka dalma. A gabansa akwai gwangwanin sadin, da kayan cikin wani mataccen rediyo, da jar waya da ya nannaɗe a jikin fensir. Na tambaye shi me yake haɗawa, ya ce, "Tashar rediyo, malamar tambaya. Riƙe nan."

A layinmu na Kafanchan, gidan Fasto ne kaɗai ke da tarho, a tsallaken hanya. Can Kawu Yohanna yake bugowa daga Legas. Kaka kuwa ƙafa ta hana ta fita ko ƙofar ɗaki, ta daɗe ba ta ji muryar autan nata ba, sai dai saƙo a bakinmu. Yaya ya ce idan ya maƙala gwangwanin a wayar tarhon, da an ɗaga kan tarhon sai magana ta bi iska ta faɗo cikin rediyonmu, ko batir ba ya so, layin ne zai ba shi wuta. Ban ce na gane ba. Na daɗe ina leƙen gwangwanin ina neman ramin da murya za ta bi ta fita, ga kuma fargabar kada ma'aikatan tarho su zo su tafi da Fasto.

Da la'asar Kaka ta ɗaura ɗankwalinta na zumuntar matan coci, aka ajiye mata rediyo a kan turmi. Yaya ya tsallaka gidan Fasto ya maƙala gwangwanin, da Kawu ya bugo ya ce masa ya yi magana, Kaka tana ji. Na yi ta murɗawa a hankali, shuuu, shuuu, sai ga Kawu kamar yana bayan ƙofa: "Mama, ina wuni?" Ta ce lafiya, ta tambaye shi yara. Shi kuwa ya zarce da labarin tsadar doya. Ta sake tambaya, ya shiga zancen ruwan sama. Sai ta juya wa rediyon baya, ta ce, "Legas ta cinye masa kunne. Ina magana yana magana."

Da ƙyar Yaya ya fahimtar da ita cewa abin kai murya kawai yake yi, ba ya mayarwa. Sai ta ce, "To a gaya masa ya riƙa bar mini wuri."

Lahadin da ta biyo, haka aka yi. Kawu ya ce ina wuni, ya dakata. Ya ce yaya ƙafa, ya dakata. Ya amsa tambayar yara tun bai ji ta ba, don ya san inda take faɗowa. Kaka tana cike kowane gurbi, har da faɗa kan rashin zuwansa Kirsimeti, shi kuma yana cewa, "To, Mama, na ji." Idan ban manta ba, sun yi damina biyu a haka kafin ta rasu.

Yanzu na gama jami'a, waya tana aljihuna, ina kiran mahaifiyata ina ganin fuskarta. Sai dai sau da yawa nakan kashe in tarar ni na yi maganar duka. Wataƙila kuskure nake, amma ina jin Kawu, da bai ji ko kalma ɗaya ba, ya fi ni saurare.