Ranar da Surukina Ya Kama Allurar Mai

Wata bakwai na jira injin nan kafin ya iso Agiye a aljihun wani direban taksi. Bai kai ƙwan agwagwa girma ba. Ɗan ƙaramin jirgin saman da zan sa wa shi kuwa, irin wanda ake sarrafawa da rimot, na riga na haɗa shi da hannuna bayan tashi daga lakol, makarantar da nake koyarwa. Inji ɗaya ne, in ya lalace ba ni da wani.

Sabon inji sai an yi masa rodaj, wato a hore shi a hankali. A buɗe allurar da ke daidaita mai sosai, ya yi ta tari da hayaƙi yana tofar da mai, a kashe ya huce, a sake. In aka matse allurar tun yana ɗanye, zai yi ƙara mai daɗi, sannan ya ƙone.

Ranar Lahadi da hantsi na ɗaure wutsiyar jirgin a turken awaki. Ina tanki na biyu sai ga sallamar surukina daga Gangara. Shekara talatin yana gyaran injin niƙa, kuma a duniya babu abin da ya tsana kamar inji mai tari.

Na durƙusa na gaishe shi, idonsa na kan jirgin. Mushe yake ce mini, kamar yadda ake kiran malaman lakol.

"Mushe, wanga abu mai ya yi mashi yawa. Ba ka ji yana shaƙewa?"

"Haka ne, Baba," na ce. Wallahi ba haka ba ne, amma ban taɓa musa masa ba, ko ido ba ma haɗawa.

Ya tattare riga ya tsuguna bayan farfela, ya kama allurar. Ya murɗa kaɗan, tarin ya tsaya. Ya ƙara, hayaƙin ya ɓace, ƙarar ta koma siririya har awaki suka ja da baya. Murmushi yake yi. Ni kuwa ina jin ƙaurin ƙarfe, kunya ta hana ni tsayar da shi. Matata tana tsaye a ƙofar ɗaki, ta san komai, tana kallon mu.

Da na ga zai sake murɗawa, na sunkuya kamar mai gyara igiya, na matse tiyon mai da yatsu biyu. Injin ya shaƙe, ya mutu.

Tsohon ya lashi yatsa ya taɓa kan injin, ya yi cuu. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Ya yi zahi," ya ce. "A bar shi ya huta."

Injin ya tsira, har yau yana tashi. Amma ran nan ko furar da aka dama masa bai sha ba. Na raka shi tasha ina riƙe da jakarsa. Sai da ya sa ƙafa a mota ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"Na ga yatsunka, Mushe. Ai da ka hwaɗa mani da baki, da na ji."