Abin da Tantabaruna Suka Yi wa Huhuna

Assalamu alaikum. Masu tambayar ina tsohon nan mai surutu na Ƙanƙara ya shige, ga ni, ban mutu ba. Amma na leƙa.

Da tari abin ya fara, busasshe, bayan an gama girbi. Na sha zuma da citta, na ce sanyi ne. Sai na lura ba na iya kaiwa masallacin unguwarmu sai na dafa bango na huta. Sujada ta zama aiki, in na ɗago sai in ji kamar an ɗora mini buhun masara a ƙirji.

A asibiti aka gwada kakina, ba a ga tarin fuka ba. Duk da haka na sha maganinsa wata da watanni. Rama kawai nake yi.

Ga abin da ya tsorata gidanmu: in aka kwantar da ni, aka sa mini iska a hanci, sai in farfaɗo. In na dawo gida, kafin mako ya zagayo na koma gidan jiya, har da zazzaɓi da makyarkyata.

Yayana, Alhaji Babba, ya zo daga Damari ya dube ni ya girgiza kai. Ya ce wa matata, "Hajiya, wannan ba ciwon asibiti ba ne. Mi ya sa sai ya taka gidan nan yake tashi? Akwai hannu."

To ni mai kiwon tantabara ne. Tun shekarun da kuɗin man fetur suka fashe, samari na sayen rediyo da babur, ni da ladan aikin titi na farko tantabaru na saya, kuma ban taɓa rabuwa da su ba. Kun san abin da muka taso muna ji, wai in an jefo wa mai gida sharri, kan abin kiwonsa yake faɗawa. Saboda haka Alhaji Babba ya sa aka kwance tukwanensu daga bayan gida aka rataye su a bakin tagar ɗakina, ya ƙaro wasu daga Damari. Hajiya kuma kullum tana yi mini farfesun 'yan shila don in yi jini. Ni da ba na iya fita, sai in wuni a kan tabarma a ƙarƙashinsu ina watsa musu gero.

Duk don ƙauna aka yi. A wannan zaman ne leɓɓana suka fara yin baƙi.

Wallahi na ji tsoro. Na kira 'ya'yana na yi musu wasiyya, a zaune, don kwanciya ta gagare ni.

Aka sayar da bijimin sa, aka kai ni wani babban asibiti a Zariya. Aka yi hoton ƙirji, aka tura ni cikin na'urar sikanin, aka ɗebi jini, aka ba ni wani bututu in hura. Mai gwajin yana cewa, "Ƙara, Baba, ƙara!" Ni kuwa abin da ke cikin ke nan.

Sai ga wata likita, sa'ar 'yata, ta ce suna bincike a kan masu tarin da ya ƙi jin maganin tarin fuka, ko na yarda ta yi mini tambayoyi. Na ce bismillah. Ta tambayi sigari, hayaƙin girki, haƙar farar ƙasa, duk na ce a'a.

"Baba, kana kiwon tsuntsaye?"

Hajiya ta yi caraf ta ce, "Ai su ne ma ke tare mishi abin, Likita. Har bakin taga muka kawo su."

Sai likitar ta bayyana mana cewa akwai wata ƙura mai laushi a gashin tantabara da busasshen kashinta, wadda huhun wasu mutane ba ya jurewa, sai ya kumbura. In aka ci gaba da shaƙa, ya yi tabon da ba ya warkewa. Ta nuna mini nawa tabon a hoto, ya riga ya fara. Ta ce, "Magani zan ba ka, amma ba zai yi aiki ba muddin suna gidan."

Aka kwashe su aka kai Damari, aka wanke bango, aka ƙone tabarmar. Na koma gida na fara jin dama.

Wata safiya na ji gurnaninsu a kan katanga. Sun dawo. Tantabara ba ta mance gida.

Na ce a yanka su duka a raba wa maƙwabta. Na shige ɗaki na rufe ƙofa, na yi kuka, ba na jin kunyar faɗa.

Yanzu ina tafiya kasuwa da ƙafata, ko da yake tudu yana tuna mini da tabon. Na gode wa Allah, na gode wa Hajiya, da likitar nan, da Alhaji Babba da ya kwashe tukwanen da hannunsa.

In tarinka ya ƙi jin magani, kuma kana samun sauƙi duk lokacin da ka bar gida, kada ka fara zargin maƙwabci. Ka faɗa wa likita duk abin da kake kiwo ko ba a tambaye ka ba. Ni ban faɗa ba sai da aka tambaya, kuma abin da ya riga ya tafi na huhuna ba zai dawo ba.