Ludayi Biyu a Kokon Baba

Da ƙafafun Baba suka fara rawa, likita ya ce a riƙa zuba masa garin gina jiki a kokon safe, wai tsoka ce ke fara zubewa in an manyanta. Na sayo gwangwani guda a Kano, na taho da shi Kibiya.

Kullum na dama na miƙa masa, sai ya lallaɓa zaure da kwanon, su shanye da maƙwabcinsa, wani tsohon Bafulatani da suka taso tare. Na yi ta mita, na ce wannan magani ne, ba na rabo ba.

Baba ya dube ni. "In na miƙe shi bai miƙe ba, da wa zan tafi masallaci?"

Washegari na ninka garin, na sa ludayi biyu.