Littafin Dogo Yana Ƙarƙashin Aduwa

Mun tashi da asuba daga Damagaram, ni da direban ma'aikatarmu ta rijiyoyi da wani malamin dabbobi da ya roƙi mu rage masa hanya zuwa Tanut. A aljihuna akwai wasiƙar da ta tayar da ni. Wata mace ce ta rubuto da Faransanci daga ƙasar Cek, tana neman mahaifinta, Baturen nan da muke kira Dogo. Ta ce marubucin waƙoƙi ne, gwamnatinsu ta hana a buga masa, ya gudu ya bar ta tana jaririya, shekara ashirin ke nan. Bana aka ɗan sassauta musu, har ta samo adireshinsa. Sai dai wasiƙar ta iso wata huɗu bayan zazzaɓi ya yi ajalinsa a kwarin Tarka.

Shekara shida ina yi masa tafinta daga Faransanci wajen haƙar rijiyoyi, ban taɓa sanin mawaƙi ba ne. Baƙin littafin nan da ba ya rabuwa da shi, na ɗauka zurfin rijiyoyi yake rubutawa. Tunda ba zan iya kai mata uba ba, na ƙudurta in ɗauko mata littafin.

Damina ce, hatsi ya kai ƙugu, ƙasar Damargu ta yi shar kamar ba ita ba. Hanya kuwa sai addu'a. Sau biyu muka kafe a laka kafin Sabon Kafi, kuma duk sau biyun malamin dabbobi ya tuna cewa yana da ciwon baya. A Tanut muka sauke shi da bayansa lafiya lau, muka sayi fura da nono na dala biyu da cuku ɗaya mai tauri da ya kusa raba direba da haƙorinsa. Nan muka kwana. Washegari muka yi yamma ta Belbeji, inda hanya ta ƙare sai sawun shanu. Buzaye da Fulani duk sun yi arewa da dabbobinsu, rijiyoyin da muka sha wuyar haƙawa suna zaune babu kowa a bakinsu.

Da azahar muka isa ƙauyen da Dogo ya rasu. Baba Ari, tsohon mai haƙar rijiya da Dogo ya zauna a gidansa, ya yi mana shimfiɗa, matarsa Inna Fanna ta kawo tuwon hatsi da miyar tafasa. Ni da gaggawata ta ma'aikacin biro, ban gama wanke hannu ba na tambayi littafin. Tsohon ya tashi, ya kai ni bayan gari, gindin wata aduwa, inda suka kewaye kabari da ƙaya saboda kuraye.

Ya ce kullum bayan la'asar Dogo yakan zauna ya fuskanci arewa, ya buɗe littafin, ya yi ta karantawa da ƙarfi cikin harshen ƙasarsu, wani lokaci hawaye na zuba. Su duka sun ɗauka ibadarsa ke nan, arewa kuma alƙiblarsa, har sukan hana awaki gittawa ta gabansa. Da ya rasu, liman ya ce ba za a yi masa salla irin tamu ba, babu kuma wanda ya san irin tasu.

"Ɗana, kunya ta kama mu mu rufe baƙo haka kamar dabba," in ji Baba Ari. "Shi ne muka naɗe littafin addu'arsa a farin ƙyalle, muka sa masa a ƙirji."

Raina ya ɓaci. Na ce masa ba addu'a ba ce, waƙoƙi ne, aikin shekara ashirin, kuma 'yarsa na jira. Na faɗa da murya sama da tasa, abin da har yanzu nake jin kunyarsa. Tsohon ya tsuguna ya daɗe yana gyara ƙayar da ba ta goce ba. Daga baya ya tambaye ni ko za a tone. Na dubi ruwan da ya kwanta a kwarin, daminar bana ta riga ta bi ta kan kabarin da littafin. Na ce a bar shi.

Da muka koma gida, Inna Fanna ta ji abin da ya faru. Ta ce akwai waƙa guda ɗaya da yake rufe karatunsa da ita kullum, daidai lokacin da take dakan tuwon dare, har ta zauna mata a ka. Na roƙe ta ta faɗa, ta gwada a zaune, abin ya ƙi zuwa. Sai ta jawo turmi, ta zuba hatsi. Da taɓarya ta fara sauka, harshen Dogo ya fito daga bakin tsohuwar da ba ta taɓa wuce kasuwar Tanut ba, har da inda yake jan numfashi. Direba ya cire hularsa. Ni kuwa na yi kuka, ban ɓoye ba.

Sau bakwai ta maimaita ina rubuta sautin yadda kunnena ya ji. Layi goma sha biyu ne, ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba. Da za mu tafi ta ce, "Ka gaya wa yarinyar ubanta bai mutu shi kaɗai ba. Ni na ba shi ruwa."

Kwana biyu muka yi a hanyar dawowa. Mun shiga Damagaram muka tarar ana ta zancen abin da rediyo ya faɗa: sojojin waje sun shiga ƙasar Cek da tankoki, ƙofar da aka buɗe ana mayar da ita. Duk da haka na je gidan waya na jefa wa 'yar Dogo wasiƙa da layukan a ciki, ko za ta isa ko ba za ta isa ba.

Tafiyar ta koya mini cewa shekara shida na yi kusa da mutum ina fassara maganarsa, ban taɓa tambayarsa abin da ke sa shi kuka ba, waɗanda ba su jin harshensa kuwa sun hana awaki gitta masa. Na ajiye kwafin layukan a akwatina. In wasiƙar ta ɓace, waƙar Dogo ta rage a wuri biyu: takardar da ban san ma'anarta ba, da bakin Inna Fanna, wadda ta ce mini hannunta ya fara gajiya da daka.