Ramin Burji a Hanyar Ikara

Mun tashi daga Zariya ana idar da sallar asuba, mu uku, kekunanmu a ɗaure a saman wata tsohuwar bas mai zuwa Hunkuyi. Niyyarmu mu sauka can, mu bar kwalta, mu bi hanyoyin gona ta Kudan da Makarfi mu kwana a Ikara, washegari mu leƙa ƙauyen Furana mu juyo. Na yi muku alkawarin hotuna. To, babu hotunan kirki, Furana ma ba mu je ba, kuma har yanzu da nake wannan rubutu zuciyata ba ta huce ba.

Tun a tasha aka fara taɓa ni. Kwandasta ya ɗaga kekena ya wurga sama kamar buhun gawayi, ya kinkimo buhun albasa zai ɗora a kan tayar baya. Sai da na hau da kaina na sauke. A wurinsa keke keke ne. Bai san yadda na haɗa wannan ba. Ni tela ne, ɗaya bayan ɗaya na tara kayansa. Firam ɗin, wato ƙarfen jikin keken, a gwanjo na tsince shi a Sabon Gari, fenti duk ya koɗe amma babu tsaga ko ɗaya. Shokozobar gaba daga jikin wani mataccen keke na ciro ta, na wanke na sa mata mai. Birki na sa irin mai faranti, saboda na roba ba ya kama komai idan laka ta shafe shi, tayoyi kuma masu manyan haƙora. Rigar sirdin ma ni na ɗinka abata da ragowar fata.

Abokan tafiyata biyu ne. Ɗaya sa'ana ne, mai shagon gyaran waya, shi ke duba mana taswira. Ɗayan kuma dattijo ne, tsohon malamin makaranta da ya yi ritaya, muna kiransa Baba. Likita ne ya ce masa ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini, sai ya sayi keke, abu kamar wasa har ya fi mu sanin hanyoyin daji. Shi ya jawo mu cikin wannan harka. Yana da furfura har a gira, amma idan aka zo gangara ba ka ganin komai sai bayansa.

Safiyar ta yi daɗi, wannan kam ba zan ɓoye ba. Damina ta ɗauke, ƙasa ta tsane amma ba ta bushe ba, taya tana kama ta yadda ake so. A fadamun Kudan rake ya fi mutum tsawo, hanya ta ratsa tsakiyarsa siririya, ganye yana marin fuskarka dama da hagu, raɓa tana jiƙa maka riga. Can ka fito fili ka tarar da ana karyar masara, ka rage gudu ka yi sallama, a yi gaisuwa har a tambayi mutanen gidan da ba a sani ba. A wani ƙauye muka tsaya karin kumallo, koko mai tsami da ƙosai da zafinsa. Da mai ƙosan ta faɗi kuɗinta sai da na sake tambaya, don a Zariya abin da mutum ɗaya zai biya ke nan.

Nan da nan aka kewaye kekunan. Wani tsoho ya duƙa ya leƙa ƙarƙashin nawa, ya ɗago ya ce ina injin yake. Na ce babu inji, ƙafa ce. Ya ce to wa ya biya mu wannan wahala. Da Baba ya ce ba kowa, sha'awa ce kawai, sai ya dube mu da tausayi, ya yi mana addu'ar Allah ya ba mu babur.

Mun tsallaka babban titi da ƙyar, domin direban tirela ba ya lissafa mai keke cikin masu rai. A Makarfi muka yi azahar, muka ci shinkafa da wake da mai da yaji a wata rumfa, muka sayi mazarƙwaila muka cusa a jaka. Baba ya ce likita ya hana shi zaƙi, sannan ya ɓalli wadda ta fi ta kowa girma.

Bayan an wuce Gazara, idan aka miƙi Ikara ta cikin gonaki, akwai wani tudu da muka bi bara. Gaskiya saboda shi muka shirya tafiyar. Hanyar ƙafa ce tsohuwa, wadda mutanen ƙauyukan ke bi zuwa kasuwa. Tana gangarowa tsakanin ɗorawa da kaɗanya, ta hau falalen dutse, ta yi kwana, sannan ta miƙe sambal har bakin rafi. Muka tsaya a sama muka sha ruwa, muka duba birki. Baba ya gyara hular kwanonsa ya yi bismillah ya saki keke. Ina biye da shi, abokina yana bayana.

Ciyawa ta yi tsawo a gefen hanya, ba a hango abin da ke bayan kwanar. Na ga Baba ya shiga, sai na ji ƙara kamar an yar da tulin ƙarafa. Na damƙe birki da duk ƙarfina, tayar baya ta ja ƙasa, na faɗi gefe cikin ciyawa. Da na ɗago sai na ga ashe hanyar ta ƙare. An yanke ta. A gabana rami ne wanda zurfinsa ya fi tsawon mutum, faɗinsa ya kai filin ƙwallo, jar ƙasa a tsaye kamar bango, a ƙasansa ruwa kore ya kwanta. Babu allo, babu igiya, ko kara ba a kafa ba.

Baba yana kwance a kan tsakuwa dab da ruwan. Tayar gaban kekensa ta lanƙwashe, hularsa ta tsage. Muka zagaya ta inda tifa ke shiga muka sauka a guje. Idonsa biyu, yana ta salati a hankali. Kafaɗarsa ta dama ta zube ƙasa, ba ta daidaita da ɗayar ba.

"Kada ku ja hannun nan," in ji shi. "Ya karye, na ji lokacin."

Na ciro rigar da na zo da ita ta canji, na naɗe na rataye masa hannun a wuya. Mutumin da ya girme ni nesa ba kusa ba, wanda ya koyar da yaran mutane har ƙarfinsa ya ƙare, ga shi a kwance cikin rami jini yana bin gemunsa.

Wani manomi da ke aiki kusa ya jiyo mu ya zo, shi ya taimaka muka fito da Baba inuwa. Shi ya ba mu labari. Masu aikin titi ne suka haƙi burji, jar ƙasar da ake zuba wa hanya, a wurin kafin damina, suka ce da sun gama za su cike, suka kwashe kayansu suka matsa gaba. Ya ce bijimin wasu Fulani ya faɗa, sai yanka shi aka yi. Wani mai babur ma ya karya ƙafa yana dawowa daga kasuwa. Mata masu kai nono yanzu sai sun yi dogon zagaye ta cikin ƙaya. Na ce to me ya hana a kafa ko da reshe ne a gaban kwanar. Ya ce, "Ai mu duk mun san da shi." Wannan ma ta ƙona min rai, amma na haɗiye, don kafaɗarsa ce ta ɗauko Baba.

Muna jin rurin inji ba nisa. Na bar abokina da Baba na bi sautin da ƙafa. Ashe sabon rami suke haƙa, katafila tana cika tifa, ga wata farar mota mai buɗaɗɗen baya a ƙarƙashin bishiya, inji a kunne, gilashi a rufe. Aka nuna min mutumin da ke ciki aka ce shi ne mai kula da aikin. Na yi sallama. Ya sauke gilashi rabi, sanyin motar ya bugi fuskata.

"Ranka ya daɗe, dattijo ne ya faɗa tsohon raminku ya karye. A taimaka a kai mana shi asibiti Ikara."

"Motar kamfani ce, ba ta ɗaukar fasinja."

"Ba fasinja ba ne, Yallaɓai. Mutum ne ya ji ciwo a ramin da kuka bari a buɗe."

Ya dubi hulata, ya dubi wandona, ya yi ɗan murmushi. "Wa ya ce ku biyo ta nan? Ga titi can muna yi muku. Manya da ku, kuna wasa da keke a daji."

Na ce masa hanyar nan ta girme shi ta girme ni, kuma ba mu kaɗai ke binta ba. Ban kai ƙarshen maganar ba ya ɗage gilashinsa. Na tsaya ina kallon fuskata a jikin gilashin. Na daɗe a duniya, an sha raina ni a shago da wajen shago, amma ban taɓa jin abin da na ji a wurin nan ba. Bai ce a nuna masa dattijon ba. Bai tambaya ko yana numfashi ba. Ko sannu bai ce ba.

Wanda ya ɗauke mu wani direban a-kori-kura ne da ya ɗauko rake. Manomin nan ne ya tare shi. Direban bai tsaya ciniki ba, ya sauke ɗaurin rake kaɗan a bakin gona ya ce zai dawo ya ɗauka, ya sa Baba a gaba, mu da kekuna muka hau saman kaya. Yana tuƙi a hankali kamar ya ɗauko ƙwai, duk da haka kowane gargada sai na jiyo nishin Baba. Wasu sun ba da shawarar a tsaya wurin mai ɗori, Baba ya ce a'a, a fara ɗaukar hoton ƙashin tukuna. A asibiti a Ikara aka karɓe mu da mutunci. Hoto ya nuna ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa ya karye, haƙarƙari ma ya tsage. Likita ya juya hular nan a hannunsa ya ce ba don ita ba da wani zancen ake yi.

Washegari da safe, kafin babban ɗan Baba ya iso da mota daga Zariya, ni da abokina muka hau keke muka koma wurin. Muka nemi mai unguwar ƙauyen da ke kusa, muka tsuguna muka gaishe shi. Ya ce ya aika wa kamfanin har ya gaji, kullum amsar ita ce ana zuwa. Ya haɗa mu da magidanta kaɗan. Muka tara duwatsu muka toshe hanyar tun kafin kwana, aka saro ƙaya aka jibga, aka kafa sanduna. Ina da wata riga mai ruwan ɗorawa mai ɗaukar ido da nake sawa don motoci su gan ni. Na ciro ɗan almakashin da ba na rabuwa da shi na yayyanka ta, muka ɗaura ƙyallayen a kan sandunan. Duk wannan aikin da hannu muka yi shi, rana tana dukanmu, alhali ga katafila can tana ruri, wadda kafin a dafa shayi za ta ture ƙasa ta gyara bakin ramin. Farar motar ma ta zo ta wuce mu. Ba ta rage gudu ba.

Da la'asar muka iso Zariya, Baba a kishingiɗe a kujerar gaba, kekuna uku a ɗaure a baya.

Ga abin da na ɗauko daga tafiyar nan. Ku masu sha'awar hawan keke a daji, kada wanda ya fita ba hula, ko da za a yi masa dariya daga nan har Kano. Kada kuma ka saki keke a gangara don ka san ta bara. Ka sauka ka taka ta da ƙafa tukuna, ko ka tambayi na gona. Amma babban abin da ya tsaya min a wuya ba wannan ba ne. Mu baƙi ne, sau ɗaya muka faɗa, muna da mota da za ta zo ta ɗauke mu, ina da waya da zan rubuta muku wannan. Mutanen da aka kwashe wa ƙasa aka bar musu rami, su kullum da shi suke kwana suke tashi, da 'ya'yansu da dabbobinsu. Wanda ya haƙa bai manta ba ne. Ya duba ne ya ga babu wanda ke bin hanyar da zai iya tsayar da shi ya tambaye shi.

Muka shigar da Baba falo muka kwantar. Tun a mota nake shirya abin da zan ce wa Hajiya, matarsa, don na san faɗa zan sha, mu muka fita da shi lafiya muka dawo da shi a naɗe. Ta fito ta duba shi, ta gyara masa matashi, ta saurari labarin har ƙarshe ba ta katse ni ba. Na ce ta yi haƙuri.

Ta ce, "An cike ramin?"

Na ce, "A'a, Hajiya. Ƙaya dai muka sa, da ƙyalle."

Ta dubi hannun mijinta. Can ta ce, "Ƙaya ai bushewa take yi, a kwashe a hura wuta. Idan ya warke ku koma. Wannan karon ba wurin mai gilashi ba, wurin wanda ya aiko shi."

Baba ya buɗe ido ya ce da ni in fara nemo masa tayar gaba.